Darasi na Tara: Yadda Ake Binciken Kuturta a Jikin Dabbobi

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya bayyana abin da ke kawo kuturta, ya faɗi dalilin da ya sa masu bincike suka koma ga dabbobi, ya bambance rawar da gado ke takawa da wadda garkuwar jiki ke takawa, ya kuma san alamomin farko na cutar da inda ake samun magani.

Gabatarwa

Akwai tambayar da mutanenmu suka daɗe suna yi. Me ya sa za a ga gida guda, ana ci a kwano ɗaya, ana kwana a ɗaki ɗaya shekara da shekaru, amma mutum ɗaya ya kamu da kuturta sauran su tsira? Wasu sun ce gado ce, shi ya sa ake bin asali kafin a ba da aure. Wasu sun danganta ta da rantsuwar ƙarya ko haɗa wasu nau'o'in abinci. Likitocin Turai ma sun yi wannan gardama. A ƙasar Norwe, babban likitan kutare na garin Bagen, Daniel Danielssen, ya tsaya kai da fata cewa cutar gado ce. Surukinsa, Gerhard Armauer Hansen, shi ne ya duba naman masu cutar da madubin ƙara girma a shekarar 1873, ya ga wasu ƙananan halittu masu siffar sanda. Su ne ƙwayoyin cutar kuturta, waɗanda masana ke kira Mycobacterium leprae. Dangi ɗaya suke da ƙwayar tarin fuka.

Gano ƙwayar bai kashe tambayar ba. Kimanin mutum 95 cikin 100 ba sa kamuwa ko da ƙwayar ta shiga jikinsu. Ke nan akwai wani abu a jikin mutum da ke yanke hukuncin wanda zai kamu da wanda zai tsira. Neman wannan abu ne ya kai masana ga ɓera, da wata dabbar nahiyar Amurka mai suna amadilo, da birai, har da kifi.

1. Ƙwayar da ta ƙi girma a kwalba

Yawancin ƙwayoyin cuta ana iya renonsu a ɗakin gwaje-gwaje. Ana zuba musu abinci a faranti ko kwalba, su hayayyafa, sai a ɗiga musu magani a ga ko za su mutu. Ƙwayar kuturta ta ƙi wannan. Sama da shekara 150 ke nan ana gwadawa, har yau ba wanda ya rene ta a wajen jiki mai rai.

A shekarar 2001 aka fahimci dalili, lokacin da Stewart Cole da abokan aikinsa suka karanta dukan ƙwayoyin gadonta. Sun tarar cewa kimanin 1,600 ne kawai ke aiki, sama da 1,000 kuma sun lalace. Ta rasa hanyoyin sarrafa abinci da yawa, don haka dole ta zauna cikin sel na wani mai rai ta ci daga abin da ya sarrafa. Sel shi ne ɗan ƙaramin ɓangaren da aka gina jikin kowane mai rai da shi.

Tana da wasu halaye biyu da ya kamata a riƙe. Na farko, nawa gare ta. Wasu ƙwayoyin cikin hanji sukan rabu biyu cikin minti 20, ta tarin fuka takan ɗauki kusan kwana guda, ita kuwa sai ta yi kwana 12 zuwa 14. Shi ya sa cutar kan yi kimanin shekara 5 a ɓoye kafin ta bayyana, wani lokaci har 20. Na biyu, ba ta son zafi. Cikin jikin mutum digiri 37 ne, ita kuwa ta fi jin daɗin wurin da bai kai haka ba. Saboda haka take kama fata, da hanci, da kunne, da jijiyoyin da ke kusa da fata a hannu da ƙafa da fuska.

Sa wa mutum ƙwayar don gwaji kuwa haramun ne. Hansen da kansa ya taɓa sa wa wata mara lafiya ƙwayar a ido ba da yardarta ba a 1879. An kai shi kotu, ya rasa muƙaminsa na asibiti. Hanyar da ta rage ita ce a sami dabbar da ƙwayar za ta yarda ta zauna a jikinta.

2. Tafin ƙafar ɓera

An shafe kusan shekara 90 ana yi wa zomaye da karnuka da birai allurar ƙwayar ba tare da sakamako mai gamsarwa ba. A 1960 wani likita a birnin Atlanta na Amurka, Charles Shepard, ya yi tunanin cewa tunda ƙwayar sanyi take so, a nemi wuri mafi sanyi a jikin ɓera. Sai ya zuba ta a tafin ƙafarsa. Ƙwayoyi 'yan dubbai suka hayayyafa suka kai kimanin miliyan ɗaya cikin wata shida, daga nan suka tsaya.

Wannan ya buɗe ƙofar gwada magani. Ana ɗebo ƙwayar daga fatar mara lafiya, a sa wa ɓeraye, a ba wasu magani a cikin abinci, a bar wasu, bayan watanni a ƙirga. Ta haka ne a 1964 aka tabbatar, a wurin wasu marasa lafiya na ƙasar Maleshiya, cewa ƙwayar ta fara bijire wa dafson, maganin da duniya ta dogara da shi a lokacin. Ta haka kuma aka ga ƙarfin rifamfisin, wanda shan sa sau ɗaya ke kashe mafi yawan ƙwayoyin da ke jiki. Wannan sani yana cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna uku a 1981: rifamfisin, dafson da kilofazimin. Nijeriya na da hannu a tarihin biyu daga cikinsu. A asibitin kutare na Uzuakoli, a jihar Abiya ta yanzu, John Lowe ya nuna amfanin haɗiyar dafson, a can ne kuma Stanley Browne ya gwada kilofazimin a farkon shekarun 1960.

Sai tambaya ta biyu ta taso: me ke tsayar da ƙwayar a ƙafar ɓera idan ta kai miliyan? Masana sun zargi garkuwar jiki, musamman wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira sel na T, waɗanda ke samun horo a wani ƙululu da ke cikin ƙirji mai suna taimos. A Landan, R. J. W. Rees ya cire wa ɓeraye wannan ƙululu, ya raunana garkuwarsu, sai ƙwayar ta ci gaba da yaɗuwa. A 1976 aka gwada wani irin ɓera mara gashi da ake haifa ba shi da taimos. Ƙafarsa ta kumbura, ƙwayoyin suka kai biliyoyi. Ƙwaya iri ɗaya aka sa wa ɓera mai taimos da mara shi, abin da ya bambanta su shi ne garkuwa.

3. Fuskoki biyu na cuta ɗaya

Abin da aka gani a ɓera shi ne likitoci ke gani a asibiti. A 1966 Ridley da Jopling suka kasa kuturta gida biyar, daga wannan gefe zuwa wancan. A gefe ɗaya akwai mutumin da garkuwarsa ta tashi tsaye. Tabonsa kaɗan ne, busasshe, ba ya jin taɓi, kuma da wuya a ga ƙwayar a fatarsa. A ɗaya gefen akwai wanda sel ɗinsa na T ba su kula da ƙwayar ba. Tabo ya yi yawa, fata ta yi kauri, ƙwayoyi sun cika hanci da fata. Irin wannan ne ya fi yaɗa cutar idan bai sha magani ba. Sauran gida ukun suna tsakani. Don sauƙin aiki, ma'aikatan lafiya kan kasa ta biyu: mai tabo 1 zuwa 5, da mai tabo fiye da 5.

A jikin mutum akwai wasu sel masu haɗiye ƙwayoyin cuta, sunansu makrofej. Ƙwayar kuturta cikinsu take shiga ta ɓuya. Ba sa iya kashe ta sai sel na T sun aiko musu da saƙo, kamar maigadin da ya kama ɓarawo amma yana jiran umarnin maigida. Babban saƙon shi ne wani sinadari mai suna intaferon gama. A 1991 Robert Modlin da abokan aikinsa suka nuna cewa wannan sinadari ya yi yawa a tabon masu ƙwaya kaɗan, ya yi ƙaranci a tabon masu ƙwaya da yawa.

Ganin abu biyu tare ba ya nuna wanne ya haifar da wanne. A nan ɓera ya sake amfani. Masana sun iya kashe ƙwayar gado guda ɗaya tak a jikin ɓera, su bar sauran. Da aka kashe wadda ke yin intaferon gama, ƙwayar kuturta ta fi yawa a ƙafar, tabon kuma ya yi kama da na mutanen da ke tsakiyar rabon Ridley da Jopling. An yi irin wannan da wasu sinadaran ɗaya bayan ɗaya, musamman a cibiyar binciken kuturta ta Amurka da ke Baton Ruj a jihar Luwiziyana. Da haka aka gane aikin kowanne.

Amma ɓera yana da iyaka. Cutar ba ta cin jijiyoyinsa yadda take cin na mutum, alhali lalacewar jijiya ita ce ainihin masifar kuturta. Ƙwayar ba ta cinye yatsu kamar yadda ake zato. Jijiya ce ke mutuwa, mutum ya daina jin zafi, ya taka ƙaya ko ya ɗauki tukunya mai zafi bai sani ba, ciwo ya ruɓe, ƙashi ya zaizaye.

4. Amadilo, mai haihuwar 'yan huɗu

Amadilo dabba ce mai shayarwa da ke rayuwa daga kudancin ƙasar Amurka zuwa Ajantina. Tana da ɓawo mai tauri a bayanta, tana haƙa rami, tana cin ƙwari. Irin da ake bincike da shi shi ne mai ɗamara tara a baya. Zafin jikinsa tsakanin digiri 32 ne da 35, wato daidai abin da ƙwayar kuturta ke so, ciki da waje.

Eleanor Storrs, wadda ta daɗe tana nazarin wannan dabba a Luwiziyana, ita ce ta haɗa kai da Waldemar Kirchheimer na asibitin kutare na Kabil. A 1971 suka ba da rahoton cewa amadilon da aka yi wa allura ya kamu da kuturta a dukan jikinsa: fata, jijiyoyi, hanta da saifa. Cutar kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ta game jiki.

Amfanin farko shi ne samun ƙwayar da yawa. Daga hanta da saifar amadilo guda ana samun biliyoyin ƙwayoyi, abin da ba a taɓa samu ba a da. Da su aka yi nazarin sinadaran jikin ƙwayar, kuma wadda aka karanta gadonta a 2001, asalinta daga wani mara lafiya ne a Tamil Nadu ta Indiya, amma a jikin amadilo aka rene ta.

Amfani na biyu shi ne jijiya. Cutar tana shiga jijiyoyin amadilo kamar yadda take shiga na mutum, tana zama cikin sel na Shuwan, waɗanda ke naɗe jijiya suna kare ta. Ana auna gudun saƙo a jijiyar ƙafar dabbar da na'urar lantarki, a ga ranar da ya fara raguwa, tun kafin wata alama ta fito. A mutum ba a samun wannan dama, domin ba wanda ya san ranar da ƙwayar ta shige shi. Da wannan hanya aka gwada wata sabuwar allurar rigakafi mai suna LepVax, aka ga ta jinkirta lalacewar jijiya a amadilo, sannan aka fara gwada ta a jikin mutane.

Amfani na uku ya shafi gado kai tsaye. Amadilo mai ɗamara tara kusan kullum 'ya'ya huɗu take haifa, dukansu daga ƙwai guda, jinsinsu ɗaya, gadonsu ɗaya. Sannan ba kowane amadilo ke kamuwa ba. Yawancinsu sukan yi nau'in mai ƙwaya da yawa, wasu su yi mai sauƙi, wasu kuma su ƙi kamuwa sam, duk da an sa musu ƙwaya iri ɗaya. An lura cewa 'yan ciki ɗaya sukan bi hanya ɗaya. Wannan hujja ce mai ƙarfi cewa gado yana da hannu a juriya.

Shi ma yana da wahalarsa. Ba ya yawan haihuwa a tsare, sai an kamo shi daga daji, renonsa na da tsada, kuma kayan auna garkuwarsa ba su kai na ɓera yawa ba.

5. Shin kuturta gado ce?

Amsar ita ce a'a. Ba a haifar yaro da kuturta saboda ubansa ko kakansa ya yi ta. Idan babu ƙwayar, babu cutar. Tana yaɗuwa ne ta ɗigon ruwan hanci da baki, bayan doguwar cuɗanya ta kusa da wanda bai fara shan magani ba. Abin da ake gada shi ne ƙarfin garkuwa ko rauninta a gaban wannan ƙwaya.

Wani bincike da aka buga a 1973 kan tagwaye a Indiya ya nuna cewa tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya sun fi kamuwa tare, nesa ba kusa ba, a kan tagwayen ƙwai biyu. Amma ko a cikinsu akwai da yawa da ɗaya ya kamu ɗaya ya tsira. Ke nan gado ba shi kaɗai ke magana ba. Yawan cuɗanya, cunkoson ɗaki da ƙarancin abinci duk suna da tasiri.

Wajen gano ainihin ƙwayoyin gadon, aiki yana tafiya ta fuska biyu. Wani lokaci daga dabba ake farawa. A Montiriyal ta Kanada an lura cewa wasu zuriyar ɓeraye suna jure dangin wannan ƙwaya, wasu ba sa jurewa. A 1993 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo haka, aka sa mata suna NRAMP1. Da aka duba mutane, sai aka ga tana da alaƙa da tarin fuka a Gambiya, da kuturta a wasu iyalai na Biyetnam. Haka kuma a 2010, binciken wani ɗan ƙaramin kifi mai zane-zane da ake kira kifin zebra ya tono wata mai suna LTA4H, wadda ke daidaita kumburi, daga baya aka ga tasirinta a masu kuturta a Nepal. 'Ya'yan wannan kifi garau suke, ana hango abin da ke gudana a cikinsu da madubi. A 2017 aka kalli yadda makrofej masu ɗauke da ƙwayar kuturta ke lalata rigar jijiya a jikinsu.

Wani lokaci kuma daga mutum ake farawa. A 2004 aka gano PARK2 a iyalan Biyetnam da Birazil. A 2009 wani babban bincike a ƙasar Sin ya ƙara da NOD2 da wasu. Kusan dukansu aikinsu ɗaya ne: gane ƙwayar cuta idan ta shiga sel, ko kawar da ita. Bayan an gano su a mutum, sai a koma dabba a kashe su ɗaya ɗaya don a ga me kowacce ke yi.

6. Dabbobin da ke kamuwa a daji

A da an ɗauka kuturta cutar ɗan Adam ce kaɗai. A 1975 aka sami amadilon daji masu ita a Luwiziyana, a 2011 kuma aka nuna cewa nau'in ƙwayar da ke jikinsu shi ne a jikin wasu marasa lafiya na kudancin ƙasar Amurka. A 2016 aka same ta a jikin jajayen kuregun bishiya a Birtaniya da Ayalan. A 2021 aka ba da rahoton birai cimfanzi masu kuturta a dazukan Gini Bisau da Kwaddibuwa. Duk da haka, a yawancin duniya daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa.

7. Haƙƙin dabbar gwaji

Dabba tana jin ciwo, kuma amana ce a hannun mai bincike. Tun 1959 masana biyu, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da ake bi har yau: a nemi wata hanya idan akwai, a rage yawan dabbobin, a kuma sauƙaƙa musu wahala. Yanzu ana iya gano bijirewar ƙwayar ga magani ta hanyar duba gadonta kai tsaye cikin 'yan kwanaki, don haka buƙatar ɓera a wannan fanni ta ragu.

Tambayoyi

1. Wane ne ya gano ƙwayar kuturta, a wace ƙasa, a wace shekara?
2. Me ya sa Shepard ya zaɓi tafin ƙafar ɓera?
3. Me ya faru da ɓeran da ba shi da taimos, kuma me hakan ya nuna?
4. Kawo dalilai uku da suka sa amadilo ke da amfani a wannan bincike.
5. Idan an fara da ƙwaya 5,000, kuma tana ninkuwa duk kwana 13, sau nawa za ta ninku kafin ta wuce miliyan ɗaya? Kwana nawa ke nan?
6. Bambance tsakanin gadon cuta da gadon raunin garkuwa.

Aikin rukuni

Ku kasu uku uku. Ku tattauna abin da ake faɗa a garinku game da sanadin kuturta, ku rubuta wanda ya dace da wannan darasi da wanda ya saɓa masa. Ku shirya yadda za ku yi wa dattijon unguwa bayani cikin ladabi idan maganar aure ta taso.

Abin riƙewa

Har yanzu ana samun kimanin mutum 200,000 da ke kamuwa a duniya duk shekara, mafi yawansu a Indiya, Birazil da Indunusiya, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da ake samun sababbin masu cutar. Kuturta tana warkewa. Ana shan maganin wata 6 ko wata 12 gwargwadon nau'inta, kyauta ne tun 1995, kuma wanda ya fara sha ya daina yaɗa ta. A Saye, kusa da Zariya, akwai cibiyar ƙasa da ke horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta. Duk wanda ya ga tabo mai haske ko ja a fatarsa wanda ba ya ƙaiƙayi kuma ba ya jin taɓi, ko yake jin hannu ko ƙafa na mutuwa, ya je asibiti mafi kusa ba tare da jinkiri ba, ya kuma kai mutanen gidansa a duba su. Magani yana kashe ƙwayar, amma jijiyar da ta daɗe da mutuwa ba ta dawowa.